Filin Tambaya da Amsa: 'Yata na karanta littafin da yara ke tozarta iyayensu

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah shawara nake nema. 'Yata ce mai shekara 14 ta aro wani littafin turanci a laburaren makarantarsu, ƙagaggen labari ne na matasa akan ƙasar Sin. Na ɗan buɗe naga wai yarinya ta ɗaura jan ƙyalle a damtse ita da ƙawayenta suna zagin malaminsu gaban jama'a, can gaba kuma har aka ce ta miƙe ta yi tir da mahaifinta. Wlh hankalina ya tashi. Wai da gaske an taɓa yin haka ko marubuciyar ce ta ƙirƙira? Kuma in karɓe littafin ne ko in ƙyaleta? Wata uwa daga Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kar ki karɓe, ki barta ta karanta, in da hali ma kema ki karanta ku tattauna. Yarinyar cikin labarin ƙirƙirarta akai amma zamanin da aka ɗora labarin a kai ya faru, shine juyin juya halin al'adu wanda shugaba Mao ya ƙaddamar a watan Mayun 1966 kuma bai lafa ba sai da ya mutu a Satumban 1976.

Kinga kafin nan Mao ya kawo wani shiri a 1958 na wai ƙasar ta yi tsalle ta kamo Turai a masana'antu, aka tattara manoma a gonakin haɗaka, aka sa mutanen ƙauye narka ƙarfe a bayan gida, abinda ya biyo baya yunwa ce wadda masu bincike ke ƙiyasta mutanen da ta kashe daga miliyan 15 har sama da miliyan 40. Wannan ya rage masa ƙarfi a jam'iyyar kwaminis, to da ya tashi dawo da ikonsa sai ya tsallake manyan jam'iyya ya kira yara 'yan sakandare da 'yan jami'a. Su ne masu jan ƙyallen nan, jajayen dakaru. Aka rufe makarantu, aka basu jirgin ƙasa kyauta suna ta kwarara Beijing suna ɗaga ɗan ƙaramin jan littafin maganganunsa a dandalin Tiananmen, aka ce su je su rusa tsofaffin abubuwa huɗu: tsohon tunani, tsohuwar al'ada, tsohuwar ɗabi'a da tsohon sabo. Suka dinga shiga gidaje suna ƙona littattafai da hotunan kakanni, a Nuwamban 1966 har garin Qufu suka je, mahaifar Konfushiyas, babban malamin falsafar Sinawa na zamanin da, suka farfasa duwatsun tarihi suka tone kaburbura.

Maganar malamai kuwa abin ya fi abinda littafin yara zai iya faɗa muni. A ranar 5 ga Agustan 1966 ɗalibai mata a wata fitacciyar sakandaren 'yan mata a Beijing suka lakaɗa wa mataimakiyar shugabar makarantarsu, Bian Zhongyun, duka har ta mutu, kuma a ƙarshen wannan bazarar kaɗai an kashe sama da mutum 1,700 a birnin. Yara ne fa sa'annin 'yarki.

Abinda nake so ki lura dashi shine Sinawa mutane ne masu girmama iyaye da malamai sosai, biyayya ga uwa da uba ita ce ginshiƙin koyarwar Konfushiyas shekaru sama da 2,000, shi yasa labaran nan suke da ciwo. A lokacin an raba mutane gida gida bisa asali, in kakanki ya taɓa mallakar gonaki da 'yan haya ko an taɓa kiran babanki mai ra'ayin riƙau to ke baƙar zuri'a ce, ba shiga ƙungiya, ba ci gaba da karatu, ƙawaye ma gudunki suke. Sai a zo a ce wa yarinya ƙarama ga mafita, ki raba gari da mahaifinki a fili a karɓe ki. Kusan duk littattafan matasa da aka rubuta game da wancan zamanin akan wannan gaɓar suke juyawa, kuma ban ga wanda ya nuna cin amanar iyaye a matsayin abin burgewa ba, nunawa suke yadda ake yaudarar yaro da yabo da taken waƙa da tsoron a ware shi har ya aikata abinda zai yi nadamarsa tsawon rai. Ni a ganina 'yar shekara 14 tana buƙatar ta san ana iya yi mata haka. Ki tambayeta a hankali, in ke ce ya zakiyi, waye ya amfana da abinda yaran sukayi, zaki sha mamakin amsarta.

Su kansu yaran basu ci riba ba. Da rikici ya yi yawa ƙungiyoyinsu suka koma yaƙar juna, sai a Disamban 1968 Mao ya ce matasan birni su tafi ƙauye su koyi rayuwa wajen manoma, kimanin miliyan 17 aka kwasa, wasu sun shekara goma basu dawo ba. Shugaban ƙasar na yanzu ma Xi Jinping yana cikinsu, a 1969 aka tura shi wani ƙauye a lardin Shaanxi yana ɗan shekara 15 bayan an tsige mahaifinsa. Jarrabawar shiga jami'a sai a ƙarshen 1977 aka dawo da ita.

Abu ɗaya dai, ki riga ta leƙa babin da ake taron tozarta mutane, inda ake rataya wa mutum allo a wuya a sa masa doguwar hular takarda, in kinga ya mata nauyi ku karanta wurin tare.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Ni ina zuwa Gwanzu saro kaya, abinda nake gani a can daban da waɗannan littattafan masu kuka da yunwa. Ba farfagandar Amurka bace kuwa? Wani ɗan kasuwa daga Kantin Kwari

AMSA: Ƙanina tambayarka tana kan hanya, amma ba zan ce ƙarya bane tunda ita kanta jam'iyyar kwaminis a 1981 ta fitar da matsaya cewa juyin ya jawo wa ƙasar koma baya mafi muni tun kafuwarta a 1949, kuma tun ƙarshen shekarun 1970 marubutan cikin gida suka fara rubuta irin waɗannan labarai da harshensu, ana ce musu adabin tabo. Inda nake tare da kai shine yawancin waɗanda ke zuwa hannunmu da turanci, waɗanda suka yi hijira zuwa Amurka ko Ingila ne suka rubuta ko 'ya'yansu, kuma galibi 'yan birni ne daga gidajen masu ilimi, likitoci da malamai, dan haka da wuya kaji muryar ɗan manomin da a lokacin ne ya fara ganin ma'aikacin lafiya a ƙauyensu. Gefe ɗaya ne na labarin, gaskiya ne amma ba shi kenan ba. Gwanzun da kake gani kuma ta bayan 1978 ce, lokacin da jagoran ƙasar Deng Xiaoping ya buɗe kasuwa, kuma dattijon da kake ciniki dashi in ya haura 70 to a cikin wancan zamanin ya yi samartakarsa.

TAMBAYA: Musulman can fa ya suka ƙare a lokacin, ana sa su a labaran? Wata ɗaliba daga Maraɗi

AMSA: Ƙanwata ba kasafai ba gaskiya, kuma abin na damuna. An rufe masallatai kamar yadda aka rufe coci coci da wuraren bautar Buda, an ƙona littattafan addini, an tozarta limamai. Mafi muni shine abinda ya faru a 1975 a garin Shadian dake lardin Yunnan, inda Musulmi 'yan ƙabilar Hui suka dage sai an buɗe musu masallatansu, sojoji suka afka musu aka kashe kimanin mutum 1,600, sai a 1979 hukumomi suka amsa cewa an zalunce su aka biya diyya. In kina son zurfafawa ki nemi littattafan tarihi akan ƙabilar Hui, nan zaki fi samun bayani fiye da ƙagaggun labarai na matasa.