Amsa Kan Jirgin Ziyarar da Hajiya Ta Gani a Talla

Salamu alaikum jama'ar gida. Hajiya, na ga saƙonki tun da hantsi, ina asibiti wajen tafinta ne shi ya sa ban amsa ba, yanzu na samu na zauna. Ya jikin Baba? Allah ya ƙara sauƙi. Ga waɗanda ba su ga tambayar ba, Hajiya ta ce likita ya ba su sati biyu kafin a sake duba Baba, zaman ɗaki a Delhi ya ishe su, sai ta ga tallar wani jirgin ƙasa da ke yawo da mutane wuraren tarihi da na ibada, kuɗi ɗaya ya haɗa abinci da makwanci, shin su biya ko kuwa. To bari in yi da murya, don abin ya fi ƙarfin rubutu.

Hoton da kika turo, wannan jirgi mai zane-zane a jikin taragunsa, sunansa Bharat Gaurav. Ma'anarsa kamar a ce abin alfaharin Indiya. Ba damfara ba ne, tsari ne na gwamnati, ministan jiragen ƙasa Ashwini Vaishnaw ya sanar da shi a watan Nuwamba 2021. Na farko ya tashi a Yunin 2022 daga Coimbatore can kudu zuwa Shirdi. Yawancinsu yanzu kamfanin gwamnati IRCTC ke tafiyar da su, wato dai wanda muke yankan tikiti a shafinsa. Kuma gaskiya sun iya tsari. Jirgin shi ne ɗakinki, shi ne kicin. Ku kwana kuna tafiya, gari ya waye a sabon gari, bas na jira a tasha, a kai ku, a dawo da ku, wani wajen a kwana a otal. Ba ki ciniki da mai a-daidaita-sahu, ba ki neman masauki.

Amma Hajiya, kalmar nan ta ziyara ita ce ta ja ki. Ziyarar wa? Nan ne maganar take.

Kowane jirgi da jigonsa. Wanda ya fi suna shi ne na Ramayana, yana tashi daga tashar Safdarjung nan cikin Delhi, ya yi kwana 17 zuwa 18 yana bin wuraren da mabiya addinin Hindu suka yi imani Rama ya taka: Ayodhya, Varanasi, Prayagraj, Chitrakoot, Nashik, Hampi, har Rameswaram can ƙarshen ƙasa a bakin teku. Akwai na mabiya Sikh da ke kai su Amritsar. Akwai kuma wani daban, ya girme su ma, na mabiya Buda, kwana takwas, yana zuwa Bodh Gaya da Nalanda da Sarnath da Kushinagar. Wannan shi ne za ki ga baƙi sun cika shi, mutanen Tailan da Japan da Koriya. To kin ga, kamar yadda mu muke haɗa ayari zuwa Umara, haka su ma suke haɗa nasu ayarin. Jirgin masu ibada ne, ba na 'yan kallo ba.

Ni na shiga ɗaya, kada ku ce labari nake ji. Maƙwabcina ne a gidan da nake haya, dattijo, matarsa ta fasa tafiya saboda ciwon gwiwa, ya ce in zo in raka shi. Na ce to, ai ganin ƙasa ilimi ne. Wallahi ba wanda ya yi mini kallon banza. Tsofaffin mata har faɗa suke a kan wa za ta ba ni abin da ta soyo daga gida. In lokacin salla ya yi, na shimfiɗa dardumata a kan gado, sai su rage murya da kansu. Kasaru nake yi ina haɗawa, alƙibla kuma sai dai waya, jirgi na juyawa tana juyawa.

Sai dai tun kafin asuba ake fara waƙoƙin bautarsu da tafi da ƴan kuge, tarago guda, har dare. Ba laifinsu ba ne, abin da suka biya kuɗi su zo yi ke nan. Abinci kuma, hmm. Nama babu, ko ƙwai ban gani ba. Wake-waken nan nasu da suke kira dal, da shinkafa, da gurasa, da dankali, safe da rana da dare. A kwana na biyar na yi mafarkin tsire, ban ƙara muku ko gishiri ba. Ki ɗauki Baba, mutumin da ko a asibiti sai da aka nemo masa mai tuƙa tuwo, ki ce ya yi sati biyu a haka.

Da muka isa garin Puri, inda babban wurin bautar Jagannath na mabiya Hindu yake, ashe wanda ba Hindu ba ba ya shiga, doka ce tsohuwa, ko Bature ne ko waye. Ni dama ba shiga zan yi ba, amma dai ki gane, kuɗi ɗaya muka biya. Awa uku ina zaune a waje cikin rana, ni ne mai gadin takalman tsofaffi. Kuma tafiyar ƙasa ce mai yawa, ba takalmi, ga matattakala, ga turmutsutsu. Wanda aka yi wa aiki bai fi wata ɗaya ba, ina.

Wani abu mafi girma, kuma wannan ina roƙon kowa a gidan nan ya saurara. Waɗansu jiragen suna tsallaka iyaka. Na Ramayana yakan shiga Janakpur, na Buda kuma yana kai mutane Lumbini inda aka haifi Buda, duka biyun a ƙasar Nepal suke. Ba'indiye ba ya buƙatar biza zuwa Nepal, shi ya sa tallar ba ta damu da maganar ba. Mu kuwa masu fasfon Najeriya, da 'yan Ghana da Kamaru, muna cikin ƙasashen da Nepal ba ta ba su biza a bakin iyaka, sai ka nema a ofishin jakadancinsu tun kafin ka tashi. Sannan in bizarka ta Indiya ta shiga sau ɗaya ce, ka fita to ka fita ke nan. Ka yi tunanin mara lafiya a wata ƙasa, takardunsa da likitansa suna Delhi. Don Allah kowa ya buɗe fasfonsa ya karanta abin da aka buga masa kafin ya biya wani kobo.

Na ga Alhaji ya turo hoton jirgin alfarmar nan Palace on Wheels yana dariya. E, wannan ma akwai shi, tun 1982 yake, an fara shi da taragun tsofaffin sarakunan Rajasthan. Kwana bakwai, Jaipur, Udaipur, Jaisalmer, Jodhpur, a ƙare da Agra. Fadodi da ganuwa ake kallo, ba ruwansa da ibada. Amma dubban daloli ne mutum ɗaya. Alhaji in za ka biya mana, ni zan riƙe maka jaka.

To Hajiya, ga abin da zan ce ku yi, in likita ya yarda Baba ya fita. Ku haɗa ziyararku da kanku, da jirgin kowa da kowa, ku riƙa dawowa gida kuna kwana.

Agra ita ce mai sauƙi. Akwai jirgi Gatimaan Express, yana tashi daga tashar Hazrat Nizamuddin da ƙarfe takwas da 'yan mintuna na safe, cikin awa ɗaya da minti arba'in kun isa. Kujeru ne masu sanyi, ana kawo karin kumallo, da yamma ya dawo da ku. Taj Mahal sarki Musulmi ne ya gina, Shah Jahan, bayan matarsa Mumtaz ta rasu wajen haihuwa a 1631. Ayoyin Alƙur'ani ne zagaye da ƙofofin, Baba da yake mahaddaci ne zai tsaya ya karanta Yasin a jikin dutse da idonsa. Akwai masallaci a gefe na jan dutse. Lokacin da na je na ƙarshe baƙo na biyan rupi 1,100, a ƙara 200 in za a shiga ɗakin kabarin, ɗan ƙasa kuma 50, kada abin ya ba ku haushi, haka tsarin yake. Kada ku je ranar Juma'a, a rufe yake ga masu yawon buɗe ido, shi ma jirgin ba ya tashi ranar. Ku tafi da keken guragun Baba, filin na da faɗi.

Ajmer kuma ta fi nisa, kusan awa bakwai a jirgin Shatabdi na sassafe, ta Jaipur yake bi, don haka sai an kwana. Can ne kabarin Shehu Mu'inuddin Chishti wanda ya rasu 1236. Na san a gidan nan akwai masu zuwa irin wuraren, akwai masu cewa a'a, ni ban ɗauko wannan gardamar ba, hanya kawai aka tambaye ni. Abin da zan ce, farkon watan Rajab ake taron shekara, har jiragen musamman ake ƙarawa saboda cunkoso, wannan lokacin bai dace da mara lafiya ba ko kaɗan.

In ma jirgin ya gagara, Delhi kanta ta ishe ku sati biyu. Babban masallacin Juma'a na tsohon gari, 1656 aka gama shi, sai dai matattakalarsa da tsawo. Kabarin sarki Humayun yana nan kusa da tashar Nizamuddin, lambu ne shimfiɗaɗɗe, da la'asar Baba zai sha iska.

Tikiti kuma kada ki ba kowa kuɗi a bakin tasha. Za su tare ki su ce an rufe ofis, ko an soke jirgi, ƙarya ce. Turo mini hoton shafin farko na fasfonku a keɓe, ba a gidan nan ba, da ranar da likita ya ce, in yanka muku ta waya. Ga shi ana kirana, an fito da mara lafiyata daga ɗakin hoto. Ki gaishe da Baba, ki ce masa na samo mai kilishin, gobe zan shigo da shi in likita bai hana ba.