Tambaya da Amsa: Tarantulata ta kwanta rigingine, ta mutu ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah a taimaka min da sauri. Ina kiwon tarantula, wato babban gizo-gizo mai gashi, irin mai shuɗin ƙafafun nan da ake cewa Greenbottle Blue, bayanta kore cikinta ruwan lemo, tun tana 'yar mitsitsiya take hannuna. Toh kusan sati uku kenan taƙi cin komai, in na jefa mata gyare sai ta ture shi ta juya abinta, yau da safe kuma na ganta kwance rigingine akan yanarta ƙafafu a sama ko motsi babu. Yayana yace ta mutu in zubar, ni dai zuciyata bata yarda ba. In juyata ne ko in yayyafa mata ruwa? Daga ƙanwarku.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kar ki juyata, kar ki yayyafa mata komai, ko akwatin ma kar ki girgiza. Saɓa zata yi kamar yadda maciji yake yi, sai dai nata yafi wuya, saboda ɓawon jikinta shine ƙashinta kuma baya girma da ita, dole sai ta fasa shi ta wajen baya ta zaro ƙafafu takwas ɗinnan a hankali, har haƙoranta sababbi suke fitowa. Ƙarama takan gama cikin awa ɗaya ko biyu, babba kuwa tana iya cinye wuni. Wadda take mutuwa akan cikinta ake samunta, ƙafafu sun nannaɗe sun shige ƙarƙashinta, ki faɗa wa yayanki haka. Ƙin cin abincin ma duk shirin saɓar ne.

Abu ɗaya zakiyi yanzu yanzu, ki duba ko akwai gyare mai rai a ciki, in akwai kisa dogon hantsaki ki ciro shi, don jikinta laushi ne luguf a wannan lokacin kuma gyare yana iya gaigayarta har ya kashe. Ki cika ɗan murfin ruwanta shikenan. In ta miƙe kar ki yi gaggawar ciyar da ita don tausayi, haƙoran farare suke fitowa, su koma jaja-jaja sannan suyi baƙi, sai sunyi baƙi wuluk take iya cizo ba tare da sun karye ba, kamar sati ɗaya ga ƙarama sati biyu ga babba. A lokacin ne ma zakiga kalarta ta gaske, shuɗin yana ɗaukar ido wallahi.

Maganar yayyafin nan ta tsaya min a rai, don mutane da yawa da ruwa suke kashe irin wannan. Asalinta yankin Paraguana ne a arewacin Benezuwela, busasshen wuri mai ƙaya da zafi, saboda haka ƙasar akwatin ta zama a bushe, ayi huji ta gefe da gefe iska tana ratsawa, a kafa mata 'yan itatuwa da zata maƙala yana tunda gwanar saƙa ce, cikin wata guda sai ta lulluɓe ko ina da farin zare. Abinci sau ɗaya a sati ya isa, gyare ko kyankyaso na kiwo wanda bai fi girman cikinta ba. Banda ƙwarin da aka kamo a waje, ba a san maganin da suka taka ba, kuma kar a fesa maganin sauro a ɗakin da take kwata-kwata.

Sannan ki daina sha'awar ɗaukarta a hannu in kina yi. Bata san mai ita ba, bata jin daɗin shafa, in ta faɗo ko daga kan tebur ne cikinta yana iya fashewa, ga gashin da take karkaɗowa da ƙafar baya in ta tsorata, ƙaiƙayi ne a fata, in ya shiga ido kuma sai asibiti. In mace ce kina tare da ita sama da shekara 10, namiji bai cika wuce 3 zuwa 4 ba.

TAMBAYA: Malam ni ban taɓa kiwo ba amma naga hoton tarantular da ake cewa Gooty Sapphire ta tafi da hankalina, in fara da ita? Daga ɗan uwanku.

AMSA: A'a ɗan uwa, ka haƙura tukuna. Gudu gareta kamar walƙiya, akan bishiya take rayuwa, kuma dafinta yana sa ciwo mai tsanani da ɗaurewar jijiyoyi na kwanaki. Ɗan ƙaramin daji ne asalin gidanta a jihar Andhra Pradesh ta Indiya, tana dab da ƙarewa, shiyasa tun 2019 aka sa cinikinta ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya mai sa ido kan cinikin dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu. Ka fara da mai jan gwiwa ta Meziko, baƙi da ruwan lemo, tana da sanyin hali kuma macen takan haura shekara 20. Itama tana ƙarƙashin CITES ɗin, don haka ka tabbatar a hannun masu kiwo aka ƙyanƙyasheta ba daga daji aka kamo ba, kace mai sayarwa ya nuna maka takarda kafin ka biya.