Na iso gida Kano da daddare, na yi Isha'i raka'a biyu: ta yi?

Tambaya: Allah gafarta Malam, na ɗauko iyalina a mota daga Abuja. Mun taso kafin azahar, cunkoso ya riƙe mu, ba mu shiga Kaduna ba sai bayan la'asar. Nan muka haɗa Azahar da La'asar ƙasaru. Rana ta faɗi muna dab da Zariya, na ce ba zan tsaya ba sai gida. Daga Kwanar Dangora barci ya fara fizgata, na daure da goro. Wajen ƙarfe 9 muka iso, na ja uwargida Magariba, sannan Isha'i raka'a biyu. Sallolinmu sun yi?

Amsa: Da sunan Allah. Sannunku da hanya, ɗan'uwa.

Abin da kuka yi a Kaduna daidai ne. A mazhabar Imam Malik ana ƙasaru a tafiyar mil 48, wato kilomita 80 da ɗoriya, Abuja zuwa Kano kuwa ta haura 400. Jinkirta Azahar ma yana da asali: Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas cewa Annabi (SAW) idan ya tashi kafin rana ta karkata, yakan jinkirta Azahar zuwa lokacin La'asar, ya sauka ya haɗa su. Magaribarku ma ta yi, tunda rana ta faɗi kuna bisa hanya, da niyyar sauka tun dare bai yi nisa ba.

Isha'in ce ba ta yi ba. Rangwamen ƙasaru na matafiyi ne, kai kuwa tun da gidajen Kano suka kewaye ka, ka baro Kura da Karfi ka shigo Na'ibawa, sunan matafiyi ya sauka daga kanka. Gajiyar da ke jikinka ta tafiya ce, amma hukuncinka na mazaunin gida ne. Ibn Abi Zaid ya faɗi wannan mas'ala ƙarara a Risala: wanda ya iso garinsu da dare bai yi Magariba da Isha'i ba, alhali da sauran gwargwadon raka'a ɗaya kafin alfijir, zai yi Magariba uku, ya cika Isha'i. Saboda haka ku rama ta raka'a huɗu, kai da uwargida, yanzu ba sai an jira dare ba. Da a Zariya kuka sauka kuka haɗa su bayan shigar lokaci, da biyun ta isar muku.

Sai dai ni ba raka'o'in ne suka fi tayar mini da hankali ba. Barcin nan ne da ka ambata a wuce. Na sha tsayawa sallar jana'iza inda aka jera mana makara uku, huɗu, daga mota ɗaya, ƙaramar a gefe. In ka tambaya sai a ce saura kaɗan su shigo gari. Mai gyangyaɗi bai san lokacin da idonsa ya rufe ba. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda. Ka rufe ido daƙiƙa uku, ka wuce mita 80 babu mai tuƙi, ga tirela a gaba, ga yara a baya. Goro da sauke gilashi ba sa biyan bashin barci.

Hukuncin da nake gani: idan direba ya fi zaton barci zai rinjaye shi, haramun ne ya ci gaba da tuƙi, wajibi ne ya nemi amintaccen wuri mai jama'a ya huta, ko ya miƙa wa wanda ya iya. Allah Ya ce a aya ta 195 ta Baƙara kada ku jefa kanku cikin halaka, kai kuwa ba ranka kaɗai ke hannunka ba. Na san za a ce hadisi ya yi umarnin matafiyi ya gaggauta komawa ga iyalinsa in ya biya buƙatarsa. Haka ne, amma Annabi (SAW) da ya faɗi hakan, a dawowarsa daga Khaibara da barci ya kama shi cikin dare, sauka ya yi da rundunarsa, ya ɗora wa Bilal gadin alfijir. Bilal ya jingina da raƙumarsa, shi ma barci ya kwashe shi, ba su farka ba sai da rana ta taɓa su, suka rama Asuba. Wannan yana cikin Muwaɗɗa da Sahihu Muslim.

Na san tsoron tsayawa a daji da dare ba wasa ba ne. Maganinsa sammako: ku bar Abuja bayan Asuba, ku yi La'asar a Kano. In an makara kamar wannan karon, ku sauka Zariya ku yi Magariba da Isha'i, ka ɗan runtsa, ko ma ku kwana. Ka nemi gafarar Allah a kan ganganci da ka yi da amanar da ke cikin motar.

Allah ne Mafi sani.