Likita ya amsa: ɗura magani ta dubura

Tambaya: Likita, na ji wani mai maganin gargajiya yana cewa ɗura ruwa ta dubura yana wanke dattin ciki ya sauke zafin jiki, wai tun a littattafan magabata. Gaskiya ne?

Amsa: Malam, maganar tana da asali. Likitocin da, irin su Ibn Sina a littafinsa Al-Ƙanun wanda ya kammala a 1025, sun ɗauka lafiya ta dogara ne kan daidaiton ruwaye huɗu: jini, majina, safra'u (ruwan ɗaci rawaya) da sauda'u (ruwan ɗaci baƙi). In ɗaya ya yi yawa sai su fitar da shi, wani lokaci ta hanyar ɗure, wanda suke kira huƙna. Yau an san hanji ba ya tara wani dafi da sai an wanke. A asibiti muna yin ɗure ne don dalili sananne: bayan gida da ya sandare ya ƙi fita, share hanji kafin wasu gwaje-gwaje, ko mai ciwon hanta da ya fita hayyacinsa ba ya iya haɗiyar maganin lactulose, sai a ɗura masa shi.

Tambaya: Ɗana mai wata takwas ya kwana uku bai yi kashi ba. Makwabta a nan Kumasi sun ce in yi masa bentuwa, wato ɗure da 'yar roba, da citta da barkono.

Amsa: Baiwar Allah, don Allah kada ki yi. Fatar cikin hanjin jariri siririya ce ƙwarai. Barkono, citta, sabulu ko kanwa suna ƙona ta, ta kumbura ta yi jini, bakin robar kuma yana iya huda ta. Ko tsurar ruwa ne, in ya yi yawa yana rage gishirin jininsa har ya kai ga jijjiga. Yaron da ke shan nono yana iya kwana uku lafiya lau. Ki ci gaba da shayarwa, ki ƙara masa gwanda da aka dama. Amma in cikinsa ya kumbura, yana amai kore, ko kashi da jini, asibiti nan take.

Tambaya: An rubuta wa mahaifina Fleet enema, wani maganin ɗure da ke zuwa a roba. Yaya ake yi?

Amsa: Ya kwanta ta gefen hagu, ya lanƙwasa gwiwar dama zuwa ƙirji. A zura bakin a hankali yana fuskantar cibiya. In an ji turjiya a dakata, kada a tura da ƙarfi, musamman in yana da basir. A matse robar, ya riƙe ruwan minti 2 zuwa 5. Sau ɗaya tak cikin awa 24. Idan rabin awa ta wuce bai fita ba, a kira likita, domin sinadarin fosfet da ke cikin maganin yana shiga jini. Mai ciwon ƙoda ko zuciya, da wanda ruwan jikinsa ya ragu, kada a yi masa sai likitan ya san da haka.