Wai tun yaƙin duniya na farko Jamus ke da jiragen bamabamai?

TAMBAYA: Malam, gardama muke a majalisarmu, wani ya ce sai zamanin Hitila Jamus ta fara jefa bam daga jirgi. Gaskiya ne? Daga mai karatu a Damagaram.

AMSA: A'a ɗan'uwa, abokinka ya faɗi ba daidai ba. Tun 13 ga Yuni 1917 jiragen bamabamai na Jamus da ake kira Gotha suka kai wa Landan hari da rana tsaka, mutum 162 suka mutu, ciki har da yara 18 a wata firamare a unguwar Poplar. Kuma fa jirgin kusan duk katako ne da ƙyalle, fuffuke sama da ƙasa, inji biyu, mutum uku a ciki ba rufi, sanyi na dukan su haka nan suke tafiya. Abin mamaki, gidan sarautar Ingila lokacin ma akwai Gotha a sunansu, wata guda bayan harin suka sauya sunan zuwa Windsor.

A lokacin Jamus tana kuma da jiragen yaƙi masu sauka kan ruwa irin su Hansa-Brandenburg W.12, maimakon taya wasu 'yan kwale-kwale biyu aka ɗaura masa a ƙafa. Daga Zeebrugge ta Beljiyam suke tashi sintiri a teku.