Tambaya da Amsa: Karanta wa ɗalibai labarin yara masu shirya fim

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina koyar da aji biyu a ƙaramar sakandare. Na samu labarin jarida kan matasan nan na Kaduna, The Critics, da suka yi suna a 2019 saboda gajerun fina-finan da suke ɗauka da wayar hannu. Ina so mu karanta shi a aji, amma ina gudun kada yaran su tashi da zumuɗi kawai. Ta ina zan fara?
Wata malama, Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Kada ki raba musu labarin duka tun farko. Ki rubuta kanun labarin da sakin layi na farko a allo, ki ba su minti 5 su nemo wa, me, ina da yaushe. Ɗan jarida yakan zuba waɗannan a sama. "Ta yaya" da "don me" kuwa sai an gangara ƙasa.

Daga nan ki raba takardun, kowa ya riƙe biro da fensir. Abin da ɗan jaridar ya gani da idonsa a ja masa layi da biro. Abin da aka faɗa masa, wato duk inda aka ce "in ji" ko "a cewar", a ja da fensir. Kalmomin yabo irin su "abin al'ajabi" a zagaye su, domin ra'ayi ne. Nan yara suka fi tuntuɓe, don sukan ɗauki duk abin da aka buga a matsayin tabbas. Ki ware masa minti 15.

Idan aka zo kan koren ƙyallen da matasan ke kafawa a bayan ɗan wasa, ki tsaya. Ana zaɓar kore ne saboda ya yi nisa da launin fatar mutum, sai kwamfuta ta goge shi a sa wani wuri a madadinsa. In ƙyallen ya yamutse ko inuwa ta faɗa masa, gogewar ba ta fita tsaf. In ɗan wasan ya sa koriyar riga kuwa, har gangar jikinsa za ta ɓace.

Sai tambayar da ke maganin zumuɗin: me labarin bai faɗa ba? Kwana nawa haɗa hotunan ya ci, da wace kwamfuta, yaya aka yi da aka ɗauke wuta? Su rubuta tambayoyi 3 da za su yi wa matasan.

Aikin gida kuma, ƙungiyar mutum 5 ta ɗauki fim na minti 1, fitowa 6, da izinin iyaye. A riƙe wayar a kwance, ba a tsaye ba, rana ta kasance a bayan mai ɗauka, kuma kada mai magana ya wuce taku 2 daga wayar, in ba haka ba iska da ƙarar janareta za su cinye muryar.