Amsoshin Tambayoyinku: Tsarin Shugabanci a Garken Kyarketan 'Yan Elf

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce, kuma ina rubuta wani dogon ƙagaggen labari da nake sakawa a intanet kashi-kashi. Labarin na wata ƙabila ce ta 'yan elf mazauna ƙurmi, waɗanda kowane ɗayansu yake da kyarkecin da suka ƙulla amana da shi, yana hawansa, suna farauta tare, har suna jin abin da ke zuciyar juna. Na tsara garken kyarketan hawa-hawa kamar yadda na karanta: alfa a sama, beta yana biye da shi, omega a can ƙasa yana cin saura. Sannan na ba sarkin ƙabilar alfa, na ba wazirinsa beta. Wata ƙawata da ta karanta ta ce kyarketan ba su da rai, kowanne muƙami ne kawai aka sa wa ƙafa huɗu. Shin tsarin ne ba daidai ba, ko kuwa rubutun nawa ne? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Saboda masu karatun da ba su saba da irin waɗannan labarai ba, 'yan elf halittu ne na tatsuniyoyin arewacin Turai, an ambace su a rubuce-rubucen ƙasar Aisland tun ƙarni na 13, daga baya marubutan zamani suka siffanta su da kamannin mutane, da tsinin kunne, da rayuwar ɗaruruwan shekaru. Game da tambayarki kuwa, a ganina ƙawarki ta yi gaskiya, kuma matsalar tana cikin tsarin da kika ɗauko, domin tsari ne da masanan da suka yaɗa shi da kansu suka dawo daga rakiyarsa.

Asalin maganar alfa yana komawa ga wani masani ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Rudolf Schenkel, wanda ya wallafa bincikensa a 1947 bayan ya lura da kyarketan da aka tsare cikin ƙaramin shinge a gidan namun daji na birnin Basel. Dabbobin da aka cusa wuri guda, babu hanyar fita, babu inda wanda aka fi ƙarfi zai nufa, dole su yi ta gwada ƙwanji har wani ya danne wani. A 1970 Ba'amurke David Mech ya rubuta wani babban littafi a kan kyarkeci wanda ya ɗauki wannan ra'ayi ya kai shi ko'ina. Amma daga 1986 sai Mech ya fara zuwa tsibirin Ellesmere da ke can arewacin Kanada, inda kyarketai ba su san tsoron mutum ba, yana zama kusa da raminsu yana kallonsu. A 1999 ya wallafa sakamakon zuwan da ya yi har sau 13, ya bayyana cewa bai ga faɗan neman shugabanci ko sau ɗaya a cikin wannan garke ba. Abin da ya gani iyali ne: uba da uwa, da 'ya'yansu na bana, da na bara, wani lokaci da na bara waccan. Waɗanda ake kira alfa iyaye ne kawai, kuma sun samu matsayinsu ta hanyar haihuwa, ba ta hanyar kayar da kowa ba. Mech ya shafe shekaru yana roƙon mawallafa su daina buga tsohon littafin nasa saboda wannan dalili.

Idan kina neman abin da za ki auna garken da shi, ki duba gandu irin na gidajen manoma, inda maigida da uwargida suke riƙe da gida, manyan 'ya'ya suna aiki tare suna kula da ƙannensu, har ranar da ɗa zai kai munzalin ware nasa gidan. Matashin kyarkeci yakan bar garken iyayensa tsakanin shekara 1 zuwa 3 da haihuwa, ya yi tafiya mai nisa, ya haɗu da mace daga wani garke, su kafa nasu. Ta haka kusan kowane kyarkecin da ya rayu ya hayayyafa yake zama shugaba, ba tare da ya tuɓe ubansa ba.

Aiki ma a rabe yake, kuma a nan ne labarinki zai samu rai. Uwa takan ɗauki ciki na kimanin kwana 63, ta haifi 'ya'ya 4 zuwa 6 a cikin rami, makafi, kurame, ta zauna tare da su makonnin farko ba ta zuwa ko'ina. A wannan lokaci ragamar bakin rami tana hannunta, har uban garken yakan matso gare ta cikin ladabi idan ya kawo abinci. Shi uban ya fi ɗaukar nauyin yawon neman nama. Yayyen 'yan kwikwiyon kuwa su ne masu reno da dako: sukan cika cikinsu da nama a wurin farauta, su dawo su amayo shi ga ƙanana idan sun lashi bakinsu, wani kuma ya tsaya gadi idan sauran sun fita. Maganar cewa babba ne ke fara ci kullum ita ma ba haka take ba. Mech ya lura cewa idan abinci ya yi ƙaranci, iyaye sukan hana manyan 'ya'ya domin ƙanana su samu. Wannan iko ne na gaske, amma iko ne na mai ciyarwa. A fagen farauta, binciken da Daniel MacNulty da abokan aikinsa suka yi a gandun dajin Yellowstone na Amurka ya nuna cewa ƙwarewar kyarkeci wajen kamu takan kai ƙololuwa yana ɗan shekara 2 zuwa 3, kuma manyan maza masu nauyi sun fi iya kayar da dabba idan an riske ta. Saboda haka gwanin farautar garke sau da yawa ba shi ne shugabansa ba.

Ba ina cewa babu danniya ko kaɗan ba. A inda abinci ya yalwata garke yakan yi girma, mata fiye da ɗaya su haihu, kishi ya shigo. An mayar da kyarketai Yellowstone daga Kanada a 1995 da 1996, kuma garken da ake kira Druid Peak ya kai kyarkeci 37 a 2001. Kafin nan, uwar garken, wadda masu bincike suka sa wa lamba 40, ta yi suna wajen musguna wa 'yar'uwarta mai lamba 42. A shekarar 2000 aka same ta da raunukan da suka zama ajalinta, kuma masu lura da garken sun yi imanin cewa matan garken ne suka yi mata taron dangi. Lamba 42 ta karɓi ragama, aka tattara 'ya'yan mata daban-daban a rami ɗaya, har da na marigayiyar, aka rene su tare. Idan kina son rikici a labarinki, ga irinsa nan: rikicin 'yan'uwa ne da ya taso daga hali, yana da dalili, yana da sakamako.

Shawarata ita ce ki ajiye sunayen alfa da beta da omega gaba ɗaya. Ki zana bishiyar zuriyar garken kafin ki rubuta babi na gaba, ki san wace ce uwa, wane ne ɗan fari, wace ce 'yar bara mai son reno, wane ne baƙon da aka karɓa daga waje. Da zarar kin san wannan, za ki ga kowane kyarkeci yana da abin da yake so da wanda yake tsoro.

Tambaya: Malam, barka da aiki. A irin waɗannan labarai nakan ga kyarkecin shugaban 'yan elf shi ne shugaban garke. To idan ƙabila ta tuɓe shugabanta, ko wani ya ƙalubalance shi ya yi nasara, shin kyarkecinsa ma zai sauka ke nan? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Barka kadai, Malam. Marubuci yana da 'yancin kafa dokar duniyarsa, amma idan ra'ayina kake nema, bai kamata ya sauka ba, kuma tun farko ma bai zama dole darajar mahayi ta yi daidai da ta kyarkecinsa ba. Tushen ikon biyu daban ne. Shugaban 'yan elf yana mulki ne da gado, ko da zaɓen dattawa, ko da yardar jama'a, kuma duk waɗannan ana iya janye su a zama ɗaya. Uban garke kuwa uba ne, babu majalisar da za ta zauna ta ce daga yau bai haifi 'ya'yansa ba. Kyarketai ba su halarci zaman ba, kuma ba su san an yi shi ba.

Ka dubi abin da wannan yake haifarwa. Sabon shugaba ya hau, amma kyarkecinsa ɗan shekara 2 ne da har yanzu yake kwantar da kunnuwa yana lasar bakin ubansa, uban kuma shi ne abin hawan wanda aka tuɓe. Duk ranar da aka fita farauta garke zai bi tsohon, jama'a kuma suna kallo. Ko kuma a ce uwar garke ta zaɓi wata yarinya marainiya da ba ta da kowa a ƙabilar: ga wadda ba a jin maganarta a taro, amma babu mai kusantar ramin 'yan kwikwiyo sai da ita. Haka nan babban maharbin ƙabila zai iya rasa abin hawa na tsawon makonni domin tasa tana jego. Mafi nauyi a cikinsu shi ne ranar da matashin kyarkeci zai ji lokacin barin gida ya yi. Jininsa yana ce masa ya tafi, mahayinsa kuma yana da iyaye da alkawura a ƙabila. Ko dai ɗan elf ya bi shi su kafa sabuwar ƙabila, ko ya riƙe shi ya hana shi zama uba har abada, ko su rabu. Marubucin da ya ɗaure darajar biyu wuri guda ya rufe wa kansa duk waɗannan ƙofofi.

Akwai hanyar da za a iya sa tsarin biyu su kusanci juna ba tare da an yi wa hankali karan tsaye ba. A jerin littattafan zane na ElfQuest, wanda Wendy da Richard Pini suka fara fitarwa a Amurka a 1978, an kafa dalilin amanar a kan jini: wata daga cikin kakannin 'yan elf mai suna Timmain ta rikiɗa ta zama kyarkeci domin ta rayu, ta haifi Timmorn, wanda ya zama shugaban ƙabilar na farko. Tunda ƙabila da garke dangi ne, ba abin mamaki ba ne ɗabi'un garke su shiga al'adun ƙabilar. Duk wanda yake son kyarketai su damu da wanda ke mulkin 'yan elf, sai ya ba da dalili mai ƙarfi irin wannan.

Tambaya: Malam, mene ne amfanin tsohon kyarkeci a garke idan ba ya iya gudu? Na yi niyyar in sa a kore shi a labarina. Daga wani mai karatu a Katsina.

Amsa: Malam, ka dakata da korar tukuna. Babban abin da ke kashe manyan kyarketai a cikin Yellowstone, inda ba a farautarsu, shi ne faɗa tsakanin garke da garke a kan iyaka. Kira Cassidy da abokan aikinta sun bi diddigin waɗannan arangama, suka wallafa a 2015 cewa garken da yake da tsoho, wato wanda ya haura shekara 6, ya fi samun galaba, wani lokaci har a kan garken da ya fi shi yawa. Tsoho ya sha ganin irin wannan rana, kuma kasancewarsa a wurin takan sa matasa su tsaya wuri guda maimakon su watse. Shi ne kuma ya daɗe yana bin hanyoyin ƙasar, da mashigan koguna, da wuraren da namun daji suke taruwa idan sanyi ya tsananta.

A labarin 'yan elf wannan matsayi yana ƙara nauyi saboda bambancin tsawon rai. Kyarkecin daji da wuya ya wuce shekara 13, akasarinsu ma ba sa kai rabin haka, alhali mahayinsa zai iya rayuwar ɗaruruwan shekaru. A ElfQuest mai karatu yana ganin Nightrunner, kyarkecin Cutter shugaba na 11, yana tsufa har tafiya ta gagare shi, shi kuwa Cutter yana nan da ƙuruciyarsa. Ma'ana, ɗan elf guda zai binne abokan amana da yawa, kuma zai san kakannin kakannin kowane ɗan kwikwiyon da ke garken. Wannan yana ba ka aikin da babu shi a garken daji: dattijon elf da ke riƙe da tarihin zuriyar kyarketai, wanda ya san wane gida ne ke fitar da masu sauri, wane ne ke fitar da masu zafin rai. Ka yanke tun yanzu ko ɗan elf yana sake ƙulla amana bayan mutuwar kyarkecinsa, da tsawon lokacin da yake jira, da kuma wanda yake zaɓa, shi ko ɗan kwikwiyon. Ka kuma yanke wanda yake ciyar da tsohon idan haƙoransa sun lalace, garke ne ko mahayinsa, domin amsar za ta nuna wa mai karatu wanne daga cikin ɓangarorin biyu yake ɗaukarsa nasa.